Me ya sa muke rubutu, wa kuma zai ce mun yi nasara?

Wata Juma'a bayan la'asar 'yar yayata ta zo gaishe ni, waya a hannu, ta zauna bakin tabarma ta ce tana da tambaya. Shekararta 22, tana karatun aikin jinya, kuma a makon ta kammala littafinta na uku a WhatsApp. Tana da zauruka biyu cike da mata masu bin labarinta, kowacce sai ta tura naira 500 kafin a saka ta. Ta ce, "Kawu, kuɗi kam ana samu, har na saya wa Umma injin markaɗe. Amma in na koma farko na karanta, sai in ji kamar wata ce ta rubuta, ba ni ba. To ni yanzu na yi nasara ne ko ban yi ba?"

Ban amsa mata a ranar ba, na ce ta ba ni lokaci. Tambayar tata biyu ce a dunƙule: me ke sa mutum ya ɗauki alƙalami tun farko, kuma wane ne ke da hurumin cewa ya isa. Na daɗe ina cuɗanya da marubuta, ni ma na taɓa buga nawa, kuma na lura yawancinmu muna haɗa abubuwan nan biyu wuri guda, mu ɗauka in niyya ta yi kyau rubutu ma zai yi kyau. Ba haka abin yake ba, tarihin rubutun Hausa kansa ya isa shaida.

A ƙasar Hausa an daɗe ana rubutu tun kafin a san ana iya cin abinci da shi. Malaman da suka yi aiki da ajami a ƙarni na 19 so suke ilimi ya isa inda ƙafarsu ba za ta kai ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da yawa daga ciki ta yi su ne saboda matan karkara da ba su da halin zuwa su zauna gaban malami. Jajoji, wato shugabannin 'yan taru, su ke zuwa su haddace, su koma ƙauyukansu su koyar. Ga marubuciya irin wannan, nasara ita ce wata mata a can ƙauye ta gyara sallarta ko ta san haƙƙin maƙwabciyarta saboda baitin da ta riƙe. Haka Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ba ya gani, ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta masa, aka wayi gari makafi da almajirai suna rera ta a bakin kasuwa da ƙofofin gidaje, da yawansu ba su ma san sunan mai ita ba. Wannan tushe bai mutu ba. Shi ya sa har gobe in ka tambayi marubucin Hausa dalilinsa, kalmomin da za su fara fitowa su ne faɗakarwa da ilmantarwa da nishaɗantarwa. Wasu da gaske suke faɗa. Wasu kuma sun gaji maganar ce kawai, suna jin nauyin faɗin ainihin abin da ya ja su, musamman in abin kuɗi ne ko son a san su.

Ni ban ga dalilin wannan kunya ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman masu ilimi su rubuta labarai, domin makarantu na buƙatar abin karantawa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, saboda a ganin malaman lokacin tatsuniya hirar mata da yara ce da dare, ba abin da mai mutunci zai ɓata tawada a kai ba. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya yi tare da East. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, malamin makaranta a Katsina. Kira aka yi, ya amsa, ya zauna ya yi aikin da kyau. Sama da shekara 90 ke nan ana karanta abin da ya rubuta, ba wanda ke tambayar ko don gasa ya yi.

Akwai kuma waɗanda halin ƙasa ya hana su barci. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya rasu a 1958 yana da shekara 40 da 'yan kai, waƙoƙin da ya bari ba su da yawa, amma duk zaman da za a yi kan makomar Arewa sai wani ya jawo baiti daga Arewa Jamhuriya ko Mulukiya. Yawan littafi ba shi ne ma'auni ba ke nan.

Dalilin da ni na fi ganin yana haifar da rubutu mai rai shi ne ciwo, abin da ya tsaya wa mutum a maƙogwaro, ba ya haɗiyuwa ba ya tofuwa. A nan ne matan Arewa suka yi wa rubutun Hausa babban aiki. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, bayan wata gasa da ya shirya. Ba a jima ba abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da ɗimbin samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa, sannan matsin tattalin arziki na tsakiyar shekarun 1980 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga labarai suka koma kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, ba abin karantawa. Sai mutane suka fara rubutawa su kai maɗaba'ar unguwa da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama a Kano, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo baya. Ka duba abin da matan cikinsu suka fi rubutawa: auren dole, kishiya, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta, namijin da ya yi kuɗi ya manta da uwar 'ya'yansa. Hajiya Balaraba kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma ajin ilimin manya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne da ya fito a 1990, shi ne wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012.

Na ga zamanin nan da idona, kuma mahaifiyar yarinyar da ta yi mini tambaya ita ce ta shigar da ni. Ina ɗan firamare Yaya takan damƙa mini kuɗi ta ce in je wurin mai hayar littafi a bakin titin unguwarmu, ta rubuta sunan littafin a tafin hannuna don kada in manta. Mutumin yana da tebur ɗaya da kwalaye biyu da wani tsohon littafin rajista da yake rubuta sunan gida da ranar dawowa. Littattafan sirara ne, an ɗinke su da ƙusar takarda, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. In na kawo, Yaya ba ita kaɗai ke karantawa ba. Bayan isha matan gidan sukan zagaye ta a tsakar gida kusa da fitilar ƙwai, tana karantawa a bayyane, har da gwaggonmu da ba ta san baƙi ba amma ita ta fi kowa tsoma baki. Na taɓa jin mai hayar yana gaya wa wani cewa littafin da ya dawo masa da bangonsa lafiya bayan wata guda, ya san ba a so shi ba. Wanda ake so shi ne wanda ke dawowa da tabon manja, bango a yage, an liƙe shi da ƙullun fulawa. Har yau ban ji ma'aunin da ya fi wannan gaskiya ba, ko da yake shi ma bai cika ba.

Bai cika ba domin waɗannan littattafai da aka karanta har suka yage, a lokaci guda wasu alƙalan suna yanke musu wani hukunci dabam. A shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi, wanda ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su kai a kira su adabi mai ɗorewa ba, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suna kare su. Malamai a masallatai da iyaye a gida suna cewa suna ɓata tarbiyya. A 2007 gwamnatin Kano, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta tara irin waɗannan littattafai daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Yau kuma a sassan Hausa na jami'o'i ɗalibai na rubuta kundin digiri a kansu. Littafi ɗaya, an so shi, an raina shi, an ƙona shi, an nazarce shi. In marubuciyar ta rataya zuciyarta ga hukuncin ɗaya daga cikin waɗannan, da ta daɗe da ajiye biro.

Kowane alƙali akwai abin da yake gani, akwai wanda ba ya gani. Littafin da ya shiga manhajar jarrabawa zai sayu duk shekara, amma sau da yawa ɗalibi don ya ci jarrabawa yake buɗe shi, ya rufe bai sake waiwaya ba. Gasa tana da amfaninta. Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata zalla, Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashe ta da labarinta Sansani, ta fito da sunayen da ba a sani ba, ta kuma koya wa marubuta da dama abin da ba su saba ba, wato faɗin magana cikin iyakantattun kalmomi. Sai dai alƙalan gasa mutane ne 'yan ƙalilan masu nasu ɗanɗano, kuma wanda bai ci ba ba lallai ya kasa ba. Kasuwa kuwa ba ta ƙarya kan abin da mutane ke so yau, amma ba ta san gobe ba, kuma ita kanta tana iya rushewa. Shagunan littattafan Hausa na wajen Bata a Kano da a da ba ka samun masakar tsinke, zuwan wayar hannu da tsadar takarda sun rage musu ƙarfi ƙwarai, marubuta da dama suka koma rubuta labarin fim.

Ni ma kasuwar ta taɓa koya mini karatu. Na tara kuɗi na buga kwafi 1,000 na littafina na farko, na ɗauka a kafaɗa na kai wa wani dillali. Ya karɓa ya ce sai an sayar. Na yi ta sintiri wata da watanni, yau ya ce in dawo bayan salla, gobe ya ce yaronsa ne ke da lissafi, ƙarshe abin da ya shigo hannuna bai kai kuɗin takarda ba. Na daɗe ina jin haushinsa, kuma haƙƙina da ya riƙe haƙƙi ne. Amma bayan shekaru na ɗauko ragowar kwafin na karanta, na ga ba dillalin kaɗai ya kashe littafin ba. Na rubuta shi ne don a kira ni marubuci, ba don akwai abin da ke cina ba, kuma daga hannuna ya wuce maɗaba'a kai tsaye, ba wanda ya karanta ya ce mini nan ka yi tsawo, nan ba a gane ba, wannan mutumin ba haka zai yi magana ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Nan ne nake ganin bakin zaren yake. Dalilan fara rubutu suna da yawa, kuma kusan kowanne ya taɓa haifar da aiki mai kyau ya kuma haifar da na banza. Abin da ke raba su shi ne abin da ke faruwa bayan an gama zubin farko. Mutane suna yawan ambaton baiwar Imam, ba su cika ambaton yadda ya yi aiki ba. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce. An tara masa littattafan labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ya riƙa narkar da su yana zuba su a tukunyar Hausa har ba ka gane baƙi ne, East kuma yana karantawa, suna tattaunawa, ana gyarawa. Daga 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya shafe shekaru yana tace Hausar wasu da tasa. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA, hukumar adabin Arewa ta shekarun 1950, da NNPC daga 1966, duk suna da masu duba rubutu kafin ya fita. Tsarin yana da nasa aibu, domin ƙofar ƙunci gare ta, mutane kaɗan ke shiga, mata kuwa kusan babu. Da marubutan Kano suka ɓalle suka fara buga wa kansu, sun samu 'yanci, sun faɗi abin da waccan ƙofar ba za ta bari ya wuce ba. Amma a hanya sun yar da mai tacewa, kuma har yau ba a koma an ɗauko shi ba.

Rubutun waya ya ƙara faɗaɗa wannan giɓi, kuma ya kamata a fahimci yadda yake tafiya kafin a zargi yaran da ke yin sa. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a matsayin ɗanɗano, a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. In labari ya ɗauki zafi sai ta tsaya ta sanar cewa daga nan na kuɗi ne, ga lambar asusu, 'yan Nijar kuma ga lambar da za su tuntuɓa, domin masu karatu daga Maraɗi da Damagaram ba kaɗan ba ne. Daga ranar da kuɗi suka shiga, ta ɗauki alkawarin shafi kullum. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko tana da jarrabawa, ko yaro ba lafiya, ko wuta ta ɗauke waya ba caji, zaure na jira. Tana bugawa da babban yatsa da tsakar dare, ta tura ba ta sake karantawa ba.

Akwai alheri a ciki da ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ba ta da kuɗin maɗaba'a, ba ta san dillali ba, ba za a bar ta ta je taron marubuta ba, yau daga ɗakinta tana da masu karatu, kuɗinta na shigowa hannunta ba tare da ta yi sintirin da na yi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tsarin yana cin wani abu daga jikin labarin. Wanda ya taɓa rubuta dogon labari ya san sai ka kai tsakiya kake gane abin da farkon ke buƙata, ka koma ka rushe ka sake gini. Mai sakin shafi kullum ba ta da wannan dama, abin da ya fita ya fita. Sannan ga sharhin masu karatu yana sauka kamar ruwan sama: "Anti don Allah kar ki raba su." "Wallahi in kika kashe shi mun daina karantawa." "A ƙara mana tsawon shafi." Da sannu sai alƙalami ya bar hannunta ya koma hannun zaure. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi na 40 sai a ja shi zuwa 90. Talakan da ta fara da shi sai ya zama ashe ɗan attajiri ne da ya ɓace. Wasu kuma da suka ga batsa na jawo masu biya, sai su bi can, su ja wa sauran zagi. Ga kuma ɓarayin zaune: mutum ɗaya ya biya ya watsa a zauruka goma, wani ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗi ba da izini ba, har ya zama a saman kowane shafi sai ka ga marubuciya ta rubuta cewa duk wanda ya fitar mata da littafi ba ta yafe ba. Mai rubutu cikin irin wannan fargaba da gaggawa, ina za ta samu natsuwar sauraron labarinta?

Sauraro kuwa shi ne rabin aikin. Adabin Hausa da kunne aka fi cin sa, tun daga waƙoƙin da jajoji ke haddacewa, zuwa tsakar gidanmu da Yaya ke karatu, zuwa gidajen rediyon da ke karanta littattafai a iska. Marubucin da ya daɗe a zukatan mutane shi ne wanda in an karanta shi a bayyane harshe ba ya tuntuɓe. Abin da ya fi damuna a yawancin rubutun yanzu ya wuce rashin ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, ko haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ko da yake su ma suna sauya ma'ana, don baki da baƙi ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi ciwo shi ne kowa a cikin labari murya ɗaya gare shi. Tsohuwa daga Daura da ɗalibar jami'a a Abuja da direban tirela duk bakinsu ɗaya, kuma sau da yawa bakin ba na Hausa ba ne, jimlar Turanci ce ko ta fassarar finafinan Indiya aka sa wa riga. Maganin wannan ba ya cikin littafin nahawu kaɗai. Sai mutum ya zauna a gidan suna da gidan makoki da tashar mota ya yi shiru, ya ji yadda uwar miji ke faɗin a'a ba tare da ta furta a'a ba, yadda dattijo ke kewaya magana da karin magana kafin ya dire ta. Sai kuma ya karanta na gaba da shi da yawa, na da da na yanzu, da na wasu harsuna in yana iyawa.

Saboda haka in za a tilasta mini in faɗi abin da nake kira nasara, zan ce marubuci ya yi nasara in abin da ya sa shi zama tun farko ya isa ga mai karatu bai zube a hanya ba. Mai wa'azi wa'azinsa ya shiga, mai ciwo a ji ciwon, mai ban dariya a dara, mai neman abinci ya samu ba tare da ya sayar da labarinsa ga mai ƙarar murya ba. Wannan ba ya samuwa sai da gyara, gyara kuma ba ya samuwa sai da lokaci da ido na biyu, mutumin da yake ƙaunarka har zai iya ce maka wannan babin bai yi ba. Ƙungiyoyin marubuta da muke da su, daga rassan ANA, wato Ƙungiyar Marubutan Najeriya, zuwa na mata irin su Mace Mutum da Kallabi da ɗimbin na intanet, da za su mayar da rabin ƙarfin da ake kashewa a bikin karramawa zuwa zaman karanta rubutun juna kafin ya fita, da an ga bambanci cikin 'yan shekaru.

Bayan mako biyu na aika aka kira mini 'yar yayata. Na ce ta buɗe littafin nata na uku daga farko ta karanta mini a bayyane, kamar yadda mahaifiyarta ke yi mana a tsakar gida. Shafukan farko sun yi kyau ƙwarai. Labarin wata yarinya ce da ke jinyar mahaifinta a asibiti, kuɗin magani ya ƙare, dangi kowa ya kashe waya. Akwai wurin da yarinyar ke ƙirga ƙwayoyin da suka rage a cikin leda tana raba su da kwanaki, tana ɓoye wa uban lissafin. Na tambaye ta ina ta samo wannan, ta ce a ɗakin marasa lafiya ta gani lokacin da aka tura su koyon aiki, ta kwana uku abin bai bar ranta ba, shi ya sa ta fara littafin. Muka ci gaba. A wajen shafi na 18 wani matashin likita mai mota ya shigo labarin, daga nan uban da ledar magani suka ɓace, aka koma kan soyayya da kishi har ƙarshe. Ita da kanta ta tsaya da karatun. Ta ce, "Kawu, a nan ne suka fara cewa labarin ya cika ban tausayi, a kawo musu masoyi." Ta yi shiru, sannan ta ce uban ma ta manta ba ta faɗi ko ya warke ko ya rasu ba.

Na ce mata ga amsar tambayarta nan ta samo da kanta. Injin markaɗen da ta saya wa Umma halal ne, guminta ne, kada ta bari kowa ya raina mata shi. Amma labarin da ya hana ta barci kwana uku har yanzu ba ta rubuta shi ba, shafi 17 kawai ta yi.

Yanzu tana kan na huɗu, kuma labarin yarinyar da ledar magani ta koma wa. Ta sayi littafin rubutu mai shafi 80 guda uku, da biro take yi, ta ce ba za ta saki ko layi ɗaya ba sai ta kai ƙarshe ta ba tsohuwar malamarta ta Hausa ta duba. Ta sanar a zaurukan cewa za su jira watanni. Wasu sun yi ƙorafi, wasu sun fita, wasu sun ce Allah ya taimaka suna nan. Daren jiya ta kira ni bayan isha, ta ce ta kai wurin da yarinyar ke tuna ƙauyensu, tana so ta san me ake ce wa dakan da mata biyu ko uku ke yi a turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi kamar kiɗa. Na ce lugude ne, amma ta je wurin gwaggo, wadda ta yi shi da hannunta, ta tambaye ta waƙar da suke yi a kai. Ta ce gobe in ta taso daga asibiti can za ta wuce, da littafinta a jaka.